Ga Uwaisu, Ranar da Ya Sauya Fage

Uwaisu, ja benci ka zauna.
Wayarka na layi na uku, ko rabi ba ta kai ba,
'yan kamasho na ta kiran Funtuwa a ƙarƙashin gadar Kwangila.
Kafin ta cika, ga magana ɗaya.

Na san ka a tsohon wasan.
Daga Samaru har Gyallesu, in sunanka ya fito a allo
sai yara su shiga laluben uzuri,
wannan ya ce sabis, wancan ya ce ana kiransa a gida.
To, rataye wancan kambun a ƙusa.
Nan ba wanda ya san ka,
abin jiya ya tafi da jiya.

Babban yatsanka zai ci amanarka.
Zai nufi inda ya saba,
kamar akuyar da aka sayar, ta tsinke igiya ta koma tsohon turke.
Ka nufi harbi, sai ga ka tsundum a tsakiyar maƙiya.
Kada ka zagi wayar.
Shiga filin gwaji, daga kai sai na'ura, kwana uku,
can faɗuwa ba ta zuwa da kunya.

Jarumai sun haura ɗari, kowa da ƙyalƙyalinsa.
Kada ka zama mai dubu ɗaya a kasuwar Sabon Gari
da ke taya kowane takalmi.
Ɗauki biyu, masu sauƙin hali.
San tsawon hannunsu, san inda numfashinsu ke yankewa,
sauran su jira ka a baya.

Hanya uku ce, da daji a tsakaninsu.
Wadda aka ba ka, tsare ta kamar gonar gado.
'Yan sojojin nan da kake rainawa, su ne hatsinka:
bugun ƙarshe ke kawo zinari,
zinari ke sayen takobi.
Mai gaggawar kisa da aljihu wayam
shi ake aikawa gida tun ba a yi nisa da tafiya.

Ga 'yar taswira can a lungun allo.
Kalle ta kamar yadda ɗan acaɓa ke kallon madubi a shataletalen PZ.
In ka ƙirga maƙiya ka ga uku,
biyun suna cikin ciyawa, kuma kai suke jira.
Wanda ya gudu da ɗigon jini, ƙyale shi,
ƙarƙashin hasumiyarsu rijiya ce,
na faɗa ta sau bakwai a dare ɗaya.

Bari in tona wa kaina asiri.
Watan da na sauya, Ramlatu 'yar yayata,
shekararta sha biyu, gilashin wayarta a tsage,
ta ɗauki mai warkarwa, ba ta kashe kowa ba,
ta bi bayan mutanenta tana ɗinke musu rauni.
Ni na kashe tara, ina ta hura hanci,
na waiga, gidanmu ya rushe.
Har yau in ta kawo mini abinci shago sai ta yi dariya.

Za a zage ka. Wani daga wata ƙasa
zai ambaci kakanka da harshen da ba ka ji.
Akwai maɓallin toshe baki, danna shi.
In an ci ku uku a jere, kife wayar,
taka zuwa wurin Badamasi ka sha shayi,
fushi bai taɓa rushe hasumiya.

Kuma kada ka shiga fage da data ta ɗari biyu,
ko batir na jan numfashi.
Mutum huɗu ne suka jingina da kai,
in ka daskare a tsakiyar faɗa
su za su sha wuya.

Af, ga shi sun ɗauke wutar.
Riƙe mini tocila in ja janareta.
Kuɗin caji ɗari ne, shawara kyauta,
in kun haɗu da Ramlatu a fage, ba ruwana,
ni dai na gaya maka gaskiya.